Alƙalin sasanci ya haɗa min da kuɗin ruwa, yana da wannan hurumin kuwa?

Ɗan Kwangila: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san akwai lauyoyi da malamai a nan, ku taimaka min da haske. A 2021 na gina wa wani kamfani sito biyu da katanga, ba zan kama suna ba. Na gama, injiniyansu ya zagaya ya sa hannu. Ragowar kuɗina naira miliyan 42, a watan Maris na 2022 ya kamata su biya. Daga nan aka shiga "oga ya yi tafiya", "ka dawo ranar Litinin". Na zauna a bencin maigadinsu har ya zama in ya hango motata sai ya ɗora min shayi. Ashe a takardar yarjejeniyar akwai wani layi da ban taɓa kula da shi ba, wai in rigima ta taso ba kotu za a je ba, sai gaban alƙalin sasanci. Muka shigar da magana a ƙarshen 2023. A Maris ɗin nan na 2025 ya yanke: su biya ni miliyan 42, da kuɗin ruwa kashi 15 cikin 100 a shekara na shekara uku, miliyan 18.9 ke nan, sannan kashi 10 a shekara har ranar da za su biya. Yanzu lauyansu yana cewa za su je kotu a rushe hukuncin, don takardarmu ba ta ambaci ruwa ba ko sau ɗaya. Tambayata biyu ce. Shin mutumin nan yana da ikon sa musu ruwa? In ma yana da shi, ni Musulmi ya zan yi da shi?

Akantan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin malamai su iso, nawa kake sayen buhun siminti lokacin da ka yi aikin?

Ɗan Kwangila: Wajen 4,000. Yau kuwa in ba ka riƙe 10,000 ba kar ma ka tsaya a bakin shago.

Akantan Sabon Gari: To ka gani. Miliyan 42 a lokacin buhu 10,500 ce. Yau in suka ba ka uwar kuɗin kaɗai buhu 4,200 za ka ɗauka. In ka haɗa da ruwan gaba ɗaya, miliyan 60.9, buhu 6,090. Wato ko da abin da kake jin tsoron karɓa, ba ka dawo inda kake ba. Ni ban ce halal ne ba, lissafi kawai na yi.

Barista: Bari in ɗauki ta farko, ta biyun ba gonata ba ce. Da farko a bambance mutum biyu da muke yawan cakuɗawa. Mai sulhu yana zaunar da ku ne ya lallashe ku, in ba ku yarda ba ba abin da zai iya. Alƙalin sasanci kuwa ku kuka naɗa shi da hannunku, amma in ya yanke ya yanke, kotu za ta zartar da hukuncinsa kamar nata. Naka na biyun ne, Alhaji.

Tsohuwar dokar sasanci ta 1988 ba ta ce uffan a kan ruwa ba. Shi ya sa a da ake komawa ga ƙa'idar kotuna, irin wadda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a shari'ar Ekwunife da kamfanin Wayne a 1989: ruwan da ya taru kafin hukunci ba a ba da shi haka kawai, sai an nuna akwai yarjejeniya a kai, ko al'adar kasuwancin ta san da shi, ko adalci ya wajabta, kuma sai an roƙa an kawo hujja. Da a ƙarƙashin waccan dokar kuke, da lauyansu yana da abin riƙewa.

Amma a watan Mayu na 2023, kwana kaɗan kafin Buhari ya sauka, ya sa hannu a sabuwar dokar sasanci da sulhu. Sashe na 46 ya juya maganar. Ya ce ɓangarorin suna da 'yancin su tsara wa kansu yadda za a yi da ruwa. In ba su tsara ba, alƙalin sasanci yana da ikon ya sa ruwa, ko tsurarsa ko mai haihuwa (wato ruwa a kan ruwa), daga ranar da ya ga dama, a kan kason da ya ga ya dace da adalci, kafin hukunci da bayansa. Kusan kalma da kalma aka ɗauko shi daga sashe na 49 na dokar Ingila ta 1996. Tunda a ƙarshen 2023 kuka fara, sabuwar ce a kanku. Shirun da takardarku ta yi, wanda lauyansu yake taƙama da shi, shi ne ma ya buɗe wa alƙalin ƙofa.

Abu ɗaya zan tambaye ka: a takardar ƙorafin da lauyanka ya shigar, ya nemi ruwa?

Ɗan Kwangila: Barista wallahi ban karanta ba. Shafi talatin da wani abu ne, na sa hannu kawai. Yanzu na kira shi, ya ce ya nema, har kashi 21 ya rubuta.

Barista: To ƙafarka ta tsaya a ƙasa. Da ba a nema ba ya bayar, sai su ce ya yanke abin da ba a kawo gabansa ba, kuma bai ji ta bakinsu a kai ba, irin wannan ƙorafi kuwa kotu tana saurarensa. Amma an nemi 21, sun yi musu, ya ba da 15. Wata uku doka ta ba su su nemi a rushe, kuma sabuwar dokar ta toshe tsohuwar kafar nan ta "alƙalin ya yi rashin ɗa'a" wadda a da duk wanda ya sha kaye yake bi ta ciki. Sai dai ka ji, Alhaji, shafi talatin ba a sa masa hannu a tsaye.

Mai Shago a Kwari: Ni abin da ya ɗaure min kai, mutum ɗaya, ba gwamnati ta naɗa shi ba, ba rigar alƙali, ya zauna a ɗakin otal ya ce kashi 15. Me ya hana ya ce 50? Mu a kasuwa in bashi ya yi tauri shugabanni ake kai wa, a zauna, a yanka maka biya kashi-kashi, ko sisi ba a ɗorawa.

Barista: Yallaɓai, a kasuwa kuna da bulalar da doka ba ta da ita. Wanda ya ci kuɗin mutane a layinku gobe wa zai ba shi dila bashi? Kamfani kuwa ba ya jin kunya, ba ya zuwa ɗaurin aure. Game da 50, dole ya faɗi dalilinsa a rubuce, kuma yawanci abin da ake dubawa shi ne nawa banki zai caji mai haƙƙin da ya je ranto kuɗin da aka riƙe masa. A ƙarshen 2024 Babban Banki kansa ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5. Ka ga 15 ba tsauri ba ne.

Amma tsoronka yana da tushe. Akwai shari'ar madatsar ruwan Katse ta ƙasar Lesotho, wadda kotun ƙolin Ingila ta wancan lokacin ta yanke a 2005. Alƙalan sasanci sun ba 'yan kwangilar kuɗinsu da kuɗaɗen Turai maimakon kuɗin Lesotho da ya riga ya karye, suka kuma ɗora ruwa. Hukumar aikin ta ce sun wuce gona da iri. Kotu ta ce ko da sun yi kuskure, kuskure ne a cikin ikon da suke da shi, ba ƙetare iyaka ba, don haka ba za a taɓa hukuncin ba. Wannan ba ya ɗaure kotunanmu, amma lauyoyi suna jawo shi. Ma'ana in ka zaɓi alƙalin sasanci ka zaɓe shi da kuskurensa.

Ɗan Jarida Mai Ritaya: Ai mu 'yan Najeriya bai kamata a koya mana haɗarin wannan abu ba. Kun manta P&ID? Kamfanin waje ne da gwamnatin Najeriya ta sa hannu da shi a 2010 a kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba, ko bulo ɗaya ba a aza ba. A Janairun 2017 alƙalan sasanci uku suka zauna a Landan, biyu suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, da ruwa kashi 7 a shekara tun daga 2013. Kashi 7 kamar ba komai, ko? Sama da dala miliyan 1.2 ne a kowace rana ta Allah, har da Juma'a da ranar Sallah. Kafin 2023 ya haura biliyan 11. Ba don alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya rushe hukuncin a Oktoban 2023 saboda cin hanci da aka gano ba, da jikokinmu ma sai sun biya.

Barista: Gaskiya ne Baba, amma a lura, ba don ruwan ya yi yawa aka rushe shi ba. Don an samo kwangilar da toshiyar baki ne, kuma an yi maguɗi a lokacin shari'ar. Da hannunsu a wanke yake, da ruwan nan yana nan yana gudu.

Mai Shago a Kwari: Ka ji fa. Wato maganata ce dai.

Akantan Sabon Gari: Ba maganarka ba ce Alhaji, wuƙar da ta yanki Najeriya ita ce yau take kare mai siminti. Ya danganta da gefen da kake tsaye.

Malamin Zaure: Bismillah. Na karanta duka. Alhaji, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. An zalunce ka, wannan babu ja. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. A wani hadisin ya ce taurin bashin mai hali yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Malamai suka fassara: a kai ƙararsa, a faɗi abin da ya yi, alƙali ya tsare shi ko ya sayar da dukiyarsa ya biya. Ba su ce a ƙara masa kuɗi ba.

Dalili kuwa, ƙari a kan bashi saboda lokaci ya wuce shi ne ainihin ribar jahiliyya: ko ka biya ko ka ƙara. Aya ta 279 a Baƙara ta ce kuna da uwar dukiyarku, kar ku yi zalunci kar a zalunce ku. Kuma canza bakin da ya furta ƙarin ba ya canza shi, ko mai bin bashi ya faɗa, ko alƙalin kotu, ko na sasanci. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1990 ta ce ba ya halatta a ɗora wa wanda ya yi jinkirin biya wani ƙari, da sharaɗi ko ba sharaɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai saɓani. Shaihu Mustafa Zarƙa, babban malamin fiƙihu na Sham, ya tafi a kan cewa mawadacin da ya yi taurin bashi kamar mai ƙwace ne, alƙali zai iya sa shi ya biya diyyar cutarwar da ya jawo. Amma mafi yawan malaman zamani ba su bi shi ba, suna tsoron ƙofar da za ta buɗe.

Ɗan Kwangila: Allah ya gafarta Malam, ga abin da yake ci min rai. A takardar nan tamu an rubuta in na makara da aiki za a cire min naira 100,000 a kowace rana. Na makara kwana tara saboda ruwan sama, suka cire 900,000 cas, ban ce komai ba. Su sun makara shekara uku. Ni tarata halal, tasu haram?

Malamin Zaure: Tambayar mai hankali ce, kuma na san amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Majalisar da na ambata ta halatta tara a kan ɗan kwangilar da ya makara da aiki, ta hana a kan wanda ya makara da biya. Abin da ke wuyanka aiki ne, abin da ke wuyansu kuɗi ne, kuma kuɗi a kan kuɗi saboda lokaci shi ne wurin da nassi ya tsaya. Sai dai ba a bar ka hannu rabbana ba. Abin da ka kashe na zahiri wajen ƙwato haƙƙinka, kuɗin lauya, kuɗin alƙalin sasancin, zirga-zirga, wannan ba riba ba ce, asara ce da suka jawo maka, da yawan malamai sun ce a ɗora musu.

Hajiya Mai Atamfa: Malam a gafarce ni in sa baki. Ni na taɓa zama a ɗaya gefen. Shekarar da shagona ya ƙone ana bina miliyan 6, wallahi ba taurin kai ba ne, babu ce. Da a gaban irin wannan alƙalin aka kai ni ya ɗora min kashi 15, da yanzu ina gidan yayana a zaune. Wanda yake bina ya ɗaga min ƙafa shekara biyu, na biya shi tas. Dokar nan ta san bambancin wanda ya ƙi da wanda ya kasa?

Barista: Hajiya, ba ta rubuta shi ɓaro-ɓaro ba. Ta bar wa alƙalin ya duba abin da ya dace, zai iya rage kason ko ya ƙi sawa sam. Amma "zai iya" ne, ba "dole" ba.

Malamin Zaure: A shari'a kuwa dole ne. Ayar da ke biye, ta 280, ta ce in mai ƙunci ne a jira shi zuwa sauƙi. Allah ya saka wa wancan bawan nasa.

Akantan Sabon Gari: Malam, ni fa har yanzu buhunan nan ne a raina. Ayar ta ce kar a zalunce ku. Mutum ya ba da 10,500 an dawo masa da 4,200. Uwar dukiyarsa takardun naira ce ko abin da suke saya?

Malamin Zaure: Ka taɓo tsohuwar mas'ala. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya shi ne a biya kwatankwacin abin da aka karɓa, adadi da adadi, kuma majalisar fiƙihu ta tafi a kan haka a zamanta na Kuwait a 1988. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ce in kuɗin tagulla suka karye ƙima ake biya. Akwai malaman yau da suke ƙarfafa wannan in faɗuwar ta yi muni, musamman in mai bashin ne ya ja lokacin da gangan. Amma ka kula, wannan hanya daban ce da ta kashi 15 a shekara. Ita tana auna abin da ya zube ne ta mayar, shi kuwa ruwa yana tafiya da kwanaki ko naira ta faɗi ko ta tashi. Ba zan ba da fatawa a kan miliyan 18 a cikin waya ba. Alhaji ya ɗauko takardun ya zauna da malamin da ya san mu'amala.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan dokar OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ita ce ke bisa irin wannan, babbar kotunta tana Abijan. Amma abin da ya bambanta mu da ku sefa ce, tana ɗaure da yuro, 655.957 ba ta motsi. Wanda ya riƙe mini kuɗi shekara uku ya cuce ni, amma bai cinye rabinsu ba. Shi ya sa in na ba mutanenku kaya bashi, da sefa nike rubutawa.

Mai Shago a Kwari: Shi ya sa kuke mana yanga a Wapa.

Ɗan Maraɗi: Da can ku ke yi muna, Alhaji. Zamani riga.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan magana don Allah.

'Yar Bankin Musulunci: Mu a wajen aiki kullum muna cikin wannan. In ka ce babu tara sam, wasu sai su mayar da kai saniyar tatsa, su biya bankin ruwa a kan lokaci su bar ka kana jira tunda kai ba ka cizo. Abin da ma'aunan AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, suka yarda da shi shi ne, tun ranar ƙulla ciniki mai karɓa ya ɗaukar wa kansa alkawarin in ya yi jinkiri ba uzuri zai fitar da kaza sadaka. Kuɗin ba ya shiga aljihun mai bin bashi, ana kai shi ayyukan alheri. Asalin wannan ma a littattafan Malikiyya aka samo shi, wajen Haɗɗabi. A Malesiya sun raba biyu: diyyar asarar zahiri ta banki ce, tarar ladabtarwa ta sadaka ce. Saudiyya kuma dokar sasancinsu ta 2012 ta ce ba a zartar da abin da ya saɓa wa shari'a, amma in hukuncin yana rabuwa sai a zartar da ɓangaren da ba shi da matsala. Wato ka ci uwar kuɗi a Riyad, ruwan ya tsaya a bakin ƙofa.

Barista: Madalla, kin kawo mu inda nake so. Sashe na 46 da "in ba su tsara ba" ya fara. Mutanenmu ba sa tsarawa. A kwafo takarda daga intanet, a canza suna da adadi, a sa hannu. Wanda ba ya son ruwa ya rubuta ƙarara cewa alƙalin sasanci ba shi da ikon sa shi, doka za ta mutunta. Amma kar ya tsaya nan, don in ya cire ruwa bai sa komai a gurbinsa ba, ya rubuta wa abokin cinikinsa takardar izinin jinkiri ne. A sa biya mataki-mataki, in ba a biya wannan ba aiki ya tsaya. A sa sharaɗin sauyin farashin siminti da rodi. A sa wanda ya sha kaye ya ɗauki kuɗin shari'a. A sa alkawarin sadakar da 'yar bankin Musulunci ta faɗa. A kuma rubuta irin alƙalin da ake so, in mai ilimin fiƙihun ciniki kuke so ku ce haka. Rubutawa da dala a cinikin cikin gida kuwa a yi hattara, Babban Banki ya sha gargaɗi a kai.

Ɗan Kwangila: To yanzu ni da na riga na yi sakacin? In na ce na yafe ruwan, na yi wa azzalumai kyautar miliyan 18.9, gobe su yi wa wani. In na karɓa na ci, raina ba zai kwanta ba.

'Yar Bankin Musulunci: Akwai malaman da za su ce ka karɓa kar ka bar musu, ka cire abin da ka kashe na zahiri, sauran ka zuba a rijiya ko asibiti ba da niyyar lada ba, da niyyar tsarkake dukiya. Akwai kuma waɗanda za su ce tun farko bai kamata a nema ba.

Malamin Zaure: Duka biyun an faɗa. Shi ya sa na ce a zauna. Ka zo da lissafin duk abin da ka kashe tun daga 2022, da rasit in akwai, da takardar hukuncin, a ga yadda alƙalin ya siffanta kuɗin, diyya ya kira su ko ruwa.

Barista: Kuma kafin ku zauna kar ka rubuta wa kamfanin komai, kar ka ce musu ka yafe ko a waya. Lauyanka ya shigar da neman zartarwa a babbar kotu tukuna. Abin da za ka yi da kuɗi bayan sun shigo hannunka tsakaninka da Malam ne. Akwai ma hanya ta uku: ka riƙe ruwan a matsayin sanda, ka ce in sun biya uwar kuɗi da kuɗin shari'a cikin kwana 30 ka sauke musu sauran. Kashi 10 ɗin nan da ke gudu kullum shi zai sa oga ya dawo daga tafiya.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, wannan ta ukun fa? Ya halatta mutum ya yi barazana da abin da ba zai ci ba?

Malamin Zaure: Hajiya kin fi Barista iya tambaya. Bari in duba, zan dawo muku bayan Isha'i in sha Allah.

Ɗan Kwangila: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Malam gobe bayan La'asar zan shigo da fayil ɗin. Rasit ɗin lauya suna nan, na man mota ne ban ajiye ba.

Akantan Sabon Gari: Alhaji ka sa har da kuɗin shayin maigadi.